Cutar Sikila: Inda Binciken Likitoci Ya Kai da Abin da Maganin Ke Ci

A ranar 8 ga watan Disamba na 2023, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da wasu sababbin magunguna guda biyu na cutar sikila, waɗanda ke gyara ƙwayar halittar mai ciwon maimakon kwantar masa da zafi kawai. Na farko, mai suna Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka haɗa gwiwa wajen samar da shi, aka kuma sa masa farashin Dalar Amurka miliyan 2.2 ga kowane mutum ɗaya. Na biyu, Lyfgenia na kamfanin bluebird bio, an sa masa Dala miliyan 3.1. Idan aka yi lissafi bisa canjin kimanin Naira 1,500 a kan Dala guda, kamar yadda kasuwa ta kasance a 2025, mai rahusar cikinsu ya haura Naira miliyan dubu uku.

Wannan labari ya shafi Nijeriya fiye da kowace ƙasa, domin ita ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar yara kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar nan a kowace shekara. Don haka abin tambaya ga masu masana'antu da masu dillancin magunguna da kamfanonin inshora shi ne: wane ne daga cikin sakamakon binciken nan zai iya isa ga jama'a a farashin da za su iya biya, kuma ina ya dace a zuba jari?

Yadda cutar take

Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, gadonta ake yi daga uwa da uba. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa sassan jiki. A jikin mai sikila, wannan sinadari yakan dunƙule da zarar ya sauke iskar, sai ƙwayar jinin ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, amma mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, abin da ke jawo ƙarancin jini. Bugu da ƙari, ƙwayoyin sukan toshe ƙananan hanyoyin jini, su hana iska isa ga ƙashi da sauran gaɓoɓi, wanda shi ne musabbabin matsanancin ciwon da ke kai masu cutar asibiti.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ciwo ba. Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace tun yaro yana ƙarami, sai ya zama ciwon huhu ko sanƙarau na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Kan ƙashin cinya yakan mutu saboda rashin jini har mutum ya kasa tafiya, ƙoda da ido sukan taɓu, manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuma sukan tsuke har su jawo shanyewar ɓarin jiki. Bincike a Amurka ya nuna cewa idan ba a yi rigakafi ba, kimanin kashi 11 cikin 100 na masu cutar ne ke samun shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20.

Wani likita a birnin Shikago, James Herrick, shi ne ya fara bayyana cutar a rubuce a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibin koyon aikin haƙori da ya fito daga tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling ya gano cewa aibin yana cikin himogulobin ne, a 1956 kuma Vernon Ingram na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa bambancin bai wuce sauyin gurbi ɗaya tak a ginin sinadarin ba. Dalilin yawaitar cutar a Afirka kuwa, Anthony Allison ya bayyana shi a 1954: wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yaɗu a inda sauro ya yi yawa. Amma idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar.

Girman nauyin

Wani ƙiyasi na duniya da aka buga a 2023 ya nuna cewa a 2021 mutum miliyan 7.74 ne ke ɗauke da cutar, an haifi jarirai 515,000 da ita, kuma tana da hannu a mutuwar mutum 376,000. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu cutar suna Afirka kudu da Sahara. A Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 20 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu AS ne, yayin da kashi 1.3 ke da cutar kanta. Tun a shekarun 1970, binciken da aka gudanar a gundumar Garki, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa, ya nuna cewa kimanin biyu cikin kowane jarirai ɗari suna da cutar, amma da wuya a same ta a tsakanin manya, domin akasarinsu sun rasu tun suna ƙanana.

Ta fuskar tattalin arziki, nauyin yana kan iyali ne kai tsaye, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fita. Duk lokacin da ciwo ya tashi, akwai kuɗin gado da na magani da na jini, ga kuma uwa ko uba da zai rufe shago ko ya bar wurin aiki domin jinya. Yaron da ɓarin jikinsa ya shanye kuwa yakan bar makaranta, ya kuma buƙaci mai kula da shi na shekaru. Masu ɗaukar ma'aikata su ma suna biyan nasu kason ta hanyar kwanakin aikin da ake rasawa.

Magungunan da ke da araha

Babban abin da binciken shekaru arba'in ɗin nan ya tabbatar shi ne cewa akasarin rayukan da ake rasawa ana iya ceton su da abubuwa masu sauƙin kuɗi. A 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa bai wa ƙananan yara masu sikila penisilin kullum yana rage mugun ciwon da ƙwayoyin cutar huhu ke jawowa da kashi 84 cikin 100. Sai dai hakan ba ya yiwuwa sai an san yaron yana da cutar tun yana jariri. A da, gwajin yana buƙatar ɗakin bincike da wutar lantarki, amma yanzu akwai 'yan ƙananan kayan gwaji irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, waɗanda ke ba da sakamako cikin mintoci da ɗigon jini guda. Masana na Jami'ar Abuja, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Obiageli Nnodu, sun gwada su a wuraren allurar rigakafi na yankin Gwagwalada, suka kuma buga sakamakon a 2020, inda suka nuna cewa ana iya haɗa gwajin da rigakafin yara ba tare da an gina wani sabon tsari ba.

Magani mafi muhimmanci shi ne haidiroksiyuriya, wanda tsohon maganin sankarar jini ne. Yana sa jiki ya ci gaba da ƙera irin himogulobin ɗin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya dunƙulewa. Wani gwaji da aka buga a 1995 ya nuna cewa yana rage yawan tashin ciwon da kusan rabi a tsakanin manya, Amurka kuma ta amince da shi a 1998. An daɗe ana ɗari-ɗari da amfani da shi a Afirka, saboda tsoron kada ya raunana garkuwar jikin yaran da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki. Gwajin da aka yi wa yara fiye da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, wanda aka buga a 2019, ya kawar da wannan tsoro: tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini da mace-mace duk sun ragu, har ma kamuwa da zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi.

Gudunmawar Kano da Kaduna

Tun 1998 aka san cewa wata na'ura mai auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar sauti tana iya gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, kimanin ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara ne ke kamuwa a kowace shekara, amma ƙarin jini wata-wata yana rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin 100. Matsalar ita ce ƙarin jini wata-wata ya fi ƙarfin akasarin iyalai a Nijeriya, ga ƙarancin jinin kansa, ga kuma tsadar maganin fitar da sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki.

Wannan ne ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka domin gwada haidiroksiyuriya a madadin jini. An ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, dukkansu masu haɗari, aka raba su gida biyu: kashi ɗaya ana ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ɗayan kuma miligiram 20. A sakamakon da aka buga a 2022, yara uku ne suka sami shanyewar ɓarin jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, cikin fiye da shekara biyu, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa magani ba. Waɗanda suka sha miligiram 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Darasin da ke ciki ga masu tsara kasafin kuɗi shi ne, na'ura ɗaya da ma'aikaci ƙwararre da ƙwayar magani ta yau da kullum za su iya hana nakasar da ke cin dukiyar iyali tsawon rayuwa. Ana kuma sarrafa maganin a cikin gida, inda kamfanin Bond Chemical ke fitar da shi da sunan Oxyurea.

Darasin Niprisan

Nijeriya ta taɓa samar da nata maganin, kuma tarihinsa abin nazari ne ga duk mai son zuba jari a wannan fanni. A shekarun 1990, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya na Jihar Oyo, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da itacen da Yarabawa ke kira osun. Cibiyar ta tace shi, ta ba shi suna Niprisan, ta kuma sami takardar mallakar fasaha a Amurka a 1998. Gwajin da aka yi wa mutum 82, wanda aka buga a 2001, ya nuna raguwar tashin ciwo mai tsanani.

A 2002 aka bai wa kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi, a 2006 kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Cikin shekara biyu kamfanin ya faɗa cikin bashi, ya nemi kariyar kotu a Amurka a 2008, gwamnati ta janye lasisin a 2009, maganin kuma ya ɓace daga kasuwa alhali akwai masu dogaro da shi. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker, wanda ya fito da shi da sunan Niclovix. Masanan da suka duba hujjojin sun ce sakamakon farko yana da ƙarfafa gwiwa, amma ana buƙatar gwaji mai faɗi kafin a yanke hukunci. Abin da ya bayyana shi ne, gano magani rabin aiki ne: idan babu jari mai ɗorewa da tabbataccen kayan haɗi daga manoma da kuɗin gudanar da babban gwaji, ba zai zauna a kasuwa ba.

Manyan kamfanoni ma sun yi asara

Haɗarin bai tsaya ga ƙananan kamfanoni ba. A 2019 Amurka ta amince da magunguna biyu da aka sa wa rai, Oxbryta da Adakveo. Kamfanin Pfizer ya sayi kamfanin da ya ƙera Oxbryta a 2022 a kan Dala miliyan dubu 5.4, amma a watan Satumba na 2024 ya janye maganin daga kasuwannin duniya baki ɗaya, bayan bayanan gwaji sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace a tsakanin masu shan sa. Shi kuwa Adakveo na kamfanin Novartis, Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2023, saboda babban gwaji ya kasa nuna cewa ya fi maganin bogi. Wannan ya isa gargaɗi ga masu shigo da magunguna cewa izinin farko ba shi ne ƙarshen magana ba.

Warkewa baki ɗaya

Tun 1984 aka san cewa dashen ɓargo yana iya warkar da cutar, domin a cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini. Ana kashe ɓargon mai ciwon da magani mai ƙarfi, sannan a zuba masa na wani mai lafiya, galibi ɗan'uwa ko 'yar'uwa da jininsu ya dace. An fara yin sa a Nijeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, sannan a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya fara nasa. Cikas ɗin shi ne ƙalilan ne ke da ɗan'uwan da ya dace, kuma sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikin wanda aka dasa wa.

Casgevy ya kauce wa wannan cikas ta hanyar amfani da ɓargon mai ciwon kansa. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinsa, a kai su ɗakin bincike, a yi amfani da fasahar CRISPR a yanke wurin da ke kashe himogulobin ɗin jarirai bayan haihuwa, sannan a mayar masa da su. Wannan fasaha ce ta sa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka sami lambar Nobel a 2020. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 daga cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Amma aikin yana ɗaukar watanni, yana buƙatar kwanciya ta makonni a ɗaki na musamman, maganin kashe ɓargon kuma yana iya hana haihuwa. Birtaniya ce ta fara amincewa da shi a watan Nuwamba na 2023, kuma hukumar lafiyar Ingila ta fara biyan kuɗinsa a 2025 bayan ta yi ciniki da kamfanin. Domin karya farashin, Gidauniyar Gates da Cibiyoyin Lafiya na Amurka sun yi alkawarin Dala miliyan 100 kowannensu a 2019, don neman hanyar gyara ƙwayar halitta da allura kai tsaye a cikin jiki, amma wannan yana matakin bincike.

Inda kasuwa take

Daga abin da ya gabata, buƙatar da ke gaban Nijeriya ta fi karkata ga abubuwa huɗu: kayan gwajin jini, haidiroksiyuriya da penisilin masu inganci, na'urorin auna jijiyoyin ƙwaƙwalwa tare da horar da masu aiki da su, da kuma ɗakunan bincike da za su riƙa ƙidayar ƙwayoyin jinin masu shan maganin, domin ba a shan sa sai da sa idon likita. Akwai kuma gibi a fannin haidiroksiyuriya na yara, tun da yawancin wanda ke kasuwa ƙwanso ne da aka auna domin manya.

Wasu matakan gwamnati sun ƙara faɗin wannan kasuwa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da na sikila, abin da ya ƙara wa ɗakunan gwaji aiki, ya kuma ɗora musu alhakin ba da sakamako na gaskiya, domin kuskure ɗaya na iya jefa iyali cikin jinya ta shekaru. A watan Yuni na wannan shekarar ta 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin janye haraji daga kan wasu injuna da kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, domin rage dogaro da waje a ƙasar da ke shigo da kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunanta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ko da yake yawancin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa ba su shiga ba tukuna. Ghana ta riga ta sa haidiroksiyuriya cikin magungunan da inshorar ƙasa ke biya tun 2022.

Mai sarrafa magani ba ya faɗaɗa masana'anta sai ya tabbatar da mai saye na dindindin, kuma a wannan fanni mai sayen shi ne gwamnatin jiha ko asusun inshora. Idan jihohi suka haɗa odarsu wuri ɗaya, suka kuma riƙa biya a kan lokaci, farashin zai sauka, masana'antun gida za su sami dalilin ƙara jari, yaran da gwajin jarirai ya gano kuma za su tarar da maganin a asibitin da ke kusa da su.